Akwatin Tambaya: Wai Da Gaske Da Kiɗa Da Ƙarar Ruwa Ake Yi Wa Mahaukata Magani A Zamanin Sarakunan Turkiyya?

Jama'a assalamu alaikum. Makon nan akwatin namu ya cika da tambaya kusan iri ɗaya, duk a kan wani ɗan bidiyo da ke ta yawo a WhatsApp, ana nuna wani tsohon gini mai ƙubba a Turkiyya, ana busa sarewa ruwa na zuba, wai nan ne Musulmin da suke warkar da masu taɓin hankali. Na tsinci guda biyar da suka fi tsoka, sauran ku yi haƙuri, in kun karanta za ku ga amsarku a ciki.

Tambaya: Slm Malam, ni ɗaliba ce ina karatun jinya a Kano, yanzu haka ma sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa aka tura mu. Naga bidiyon nan da ake cewa wai a Daular Usmaniyya da kiɗa da ƙarar ruwa da ƙamshin fure ake musu magani, ba duka ba ɗauri, lokacin da Turawa ke ƙona nasu da wuta. Har na tura ma 'yan ajinmu sai wani malaminmu yace in bincika tukunna. Dan Allah gaskiya ne ko an ƙara gishiri?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, malamin nan naki ya kyauta miki. Bari in fara raba wata gardama don na san mutanenmu, da an ce Daular Usmaniyya sai hankali ya tafi Sakkwato. To ba ta Shehu Ɗan Fodiyo ake magana ba, ta Turkawa ce, waɗanda suka ci Istanbul a 1453, suka zo suka haɗa da Sham da Masar a 1516 da 1517.

Ginin da kika gani ba ƙarya bane, yana nan har gobe a garin Edirne, can kusa da iyakar Turkiyya da Girka da Bulgeriya, a bakin kogin Tunja. Sultan Bayazid na biyu ne ya sa aka gina, an fara a 1484 aka gama a 1488, kuma ba asibiti kaɗai bane, kamar unguwa guda ce, ga masallaci ga makarantar koyon likitanci ga gidan dafa abincin sadaka ga masaukin baƙi, sannan ga asibitin da suke kira darusshifa wato gidan waraka. Babban ɗakin jinyar mai kusurwa shida ne, ƙubba a sama, ɗakunan kwana sun kewaye shi, a tsakiya kuma kwarmin ruwa ne mai tsartuwa ta yadda duk inda mara lafiya yake kwance yana jin zubarsa. Yanzu an mai da wurin gidan tarihi, har ya ci kyautar gidajen tarihi ta Majalisar Turai a 2004.

Shi kuma zancen kiɗan, kusan duk wanda kika ji yana faɗa, in kika bi salsala za ki tarar daga bakin mutum ɗaya ya fito, wani matafiyi ɗan Istanbul mai suna Evliya Chelebi. An haife shi a 1611, ya yi shekara wajen arba'in yana yawon duniya, har Sudan sai da ya taka, ya bar labarin tafiye-tafiyensa mujalladi goma. Ya shiga asibitin Edirne wajen 1652, yace akwai makaɗa da mawaƙa su goma, uku mawaƙa ne sauran masu sarewa da goge da udu da makamantansu, suna zuwa sau uku a mako su yi wa marasa lafiya da mahaukata wasa. Yace in sanyi ya wuce furanni suka buɗe akan kawo musu su shaƙa, amma shi da kansa ya ƙara da cewa wasu cinye furen suke wasu su tattake shi. Ya kuma lissafa naman tsuntsayen daji irin su makwarwa da ake dafa musu. Kuma kiɗan ba don nishaɗi kawai bane a wurinsu, likitocin lokacin sun yi imani kowane salon sauti, abin da suke kira maƙam, irin su rast da segah, yana da yanayin jikin da yake gyarawa, har wani likita Shu'uri Hasan Efendi ya yi rubutu a kan haka a ƙarni na 17.

Amma fa 'yata ga inda masu bidiyo suke datse labarin. Shi dai wannan Evliya ɗin, a bayanin wannan asibitin dai, yace ya ga waɗanda aka sa wa sarƙa a wuya suna ruri kamar zakuna, sai dai ya ƙawata abin yace sarƙar an shafe ta da ruwan zinariya da azurfa. To wuyan da ke ciki me ya dame shi da ruwan zinariya? Kuma mutumin mai daɗin baki ne, masana tarihi suna amfani da shi sosai amma sun san hannunsa na da nauyi wurin zuba gishiri, har lissafinsa na mutane da gine-gine sai an tace.

Ɗaurin ma ba Turkawa suka fara shi ba, gadonsa suka yi tare da asibitin. Tun wajen 872 Ahmad Ibn Tulun ya gina asibiti a Masar mai sashen mahaukata, ana ba da labarin duk Juma'a yakan je dubiya da kansa, ran nan wani da ke ɗaure yace masa ranka ya daɗe ni fa lafiyata ƙalau makirci aka yi min, abin da nake sha'awa kawai rumman ne babba. Sarki yasa aka kawo masa, mutumin ya yi ta murna yana jujjuya shi a hannu, sai da ya ga sarki ya shagala ya ɗirka masa a ƙirji ya ɓata masa riga, daga ranar sarki bai sake zuwa ba. Ibn Jubair ma da ya shiga asibitin Nuruddin a Dimashƙu a 1184 ya rubuta cewa ana musu magani kuma suna cikin sarƙa. Abu biyun tare suke tafiya, maganin da marin.

Sai kuma maganar yawa, wadda ni a ganina ta fi komai muhimmanci. Manyan asibitocin da sarakuna da matansu da iyayensu mata suka gina a Istanbul ba su da yawa: na Sultan Muhammad Alfatih a 1470, na Hurrem matar Sultan Sulaiman wajen 1550, na shi Sulaiman ɗin a cikin shekarun 1550, na Nurbanu a Uskudar wajen 1583, sai na Sultan Ahmad a farkon ƙarni na 17. Kowanne gadajensa 'yan gomomi ne, a birnin da mutanensa dubban ɗaruruwa ne, kuma da farko na kowace irin cuta ne, masu taɓin hankali sashe kawai suke da shi. Kinga kenan wanda ya samu gado a ƙarƙashin ƙubbar nan ɗan gata ne ko kuma wanda ba shi da kowa, mafi yawa a gida suke hannun danginsu.

Abin da za ki iya tinƙaho da shi ba tare da kin yi ƙarya ba shi ne waƙafi. Magani kyauta abinci kyauta, albashin likita daga kuɗin hayar shaguna da gonakin da aka tsayar domin asibitin, kuma takardar waƙafin asibitin Hurrem har sharaɗi ta sa cewa likita ya zama mai sakin fuska da taushin magana, kada ya gaya wa mara lafiya kalma mai zafi. Wannan ki kwafa ki liƙa a ɗakin hutunku na ma'aikata.

Zancen Turawa kuwa, an ƙona mutane da sunan maita a can, wannan ya faru, kuma a asibitin Bedlam na Landan har zuwa 1770 mutane na shiga kallon mahaukata kamar gidan zu. Amma su ma a garin Balensiya na Sifen tun wajen 1410 suka buɗe gidan jinyar mahaukata, don haka cewa duk ƙona su ake yi, wannan mai bidiyo ne ya ƙara daga aljihunsa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni almajiri ne a Zariya kuma ina taɓa ruƙiyya daidai gwargwado. Abin da ya ɗaure min kai, su waɗannan likitocin Musulmi na da, ba su yarda da shafar aljanu bane da za su koma ga sarewa da ruwan sha'ir? Me suke cewa yana kawo hauka?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, sun yarda da aljanu mana, Musulmi ne masu karanta Alƙur'ani, sai dai likitancin da suka gada daga Jalinus Bagirke yana da nasa lissafin. A wurinsu jikin ɗan Adam ruwa huɗu ke riƙe da shi: jini, majina, safra wato ruwan ɗacin nan mai rawaya na matsarmama, da sauda, wani baƙin ruwa da suke cewa saifa ce ma'ajiyarsa. In saudar nan ta yi yawa ko ta ƙone, tururinta ya hau kai, sai mutum ya kama tsoro da baƙin ciki ba gaira ba dalili, ya tsani mutane, ya yi ta mugun zato, wannan shi ne malikhuliya, kusan abin da yau muke kira ciwon damuwa mai tsanani ko da yake nasu ya fi faɗi. Wani likita a Ƙairawan, Ishaƙ Ibn Imran, littafi guda ya rubuta a kanta tun farkon ƙarni na 10. Suna da wani nau'in da suke kira ƙuɗrub, mai yawon dare a maƙabarta, har soyayyar da ta wuce kima sun sa ta cikin cututtukan ƙwaƙwalwa, shi yasa har yau in Baturke yace wane ya kamu da kara sevda, baƙar sauda kenan, yana nufin so ya kusa zautar da shi.

To ga abin da zai ba ka sha'awa Malam. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, kuma littafinsa Alƙanun shi ne likitocin Istanbul da Isfahan da Delhi suke sha kamar yadda muke shan Risala, da ya zo kan malikhuliya ya kawo cewa wasu likitoci na ganin daga aljanu take. Sai yace shi a matsayinsa na mai koyar da likitanci wannan bai dame shi ba, don ko aljani ne ya jawo, ta hanyar juya yanayin jiki zuwa sauda zai jawo, saboda haka saudar ce abin yi wa magani. Kaga bai ƙaryata kowa ba kuma bai ajiye aikinsa ba. Ni wallahi wannan matsayar ta fi min yawancin musun da ake yi yau a rediyo tsakanin masu ruƙiyya da likitoci.

Maganin nasu kuwa, tunda sauda busasshiya ce mai sanyi, sai a nemi abin da zai jiƙa jiki ya ɗumama shi: ruwan sha'ir, madara, abinci mai romo, wanka da ruwan ɗumi, shafa man fure a ka, barci isasshe, hira da wanda mara lafiyan yake so, canjin wuri, kiɗa. Sannan a fitar da gurɓataccen ruwan ta hanyar ƙaho ko tsaga jijiya, ko maganin wanke ciki irin aftimun, wata ciyawa mai nannaɗe wasu tsirrai kamar rumfar gada. Wanda ya kasa barci a ba shi afyun, wato opium, ƙaron wani tsiro mai sa barci da maye. Akwai masu zafi kuma, wani likitan fiɗa na garin Amasya, Sharafuddin Sabunjuoglu, a littafin da ya gama a 1465 har zane ya yi na inda ake ɗora ƙarfe mai zafi a kan mai malikhuliya, kuma ga wanda ya yi tsanani wasu littattafan sun rubuta ɗauri har da bulala a matsayin magani. Lissafin ruwa huɗun nan dai likitancin yau ya ajiye shi, kada wani ya karanta wannan ya je ya tsaga wa ɗan uwansa jijiya.

Talaka kuma bai jira likitan fada ba, kabarin waliyyi yake kai nasa ko zawiyar 'yan ɗariƙa, a yi tofi a yi laya a kwana a wurin. A ƙasar Falasɗinu kusa da Baitalami akwai wani wurin ibadar Kirista da ake kira Alkhadir, Musulmi da Kirista duk suna kai mahaukatansu a ɗaure su da sarƙar wurin ana neman tabarraki, haka ma wani kogo a gidan 'yan zuhudun Ƙuzhayya a Labanan.

Amma tunda sana'arka ce Malam, bari in ba ka labarin wani abokin sana'a, ba don in tsokane ka ba. Sultan Ibrahim ya hau mulki a 1640 bayan ya shafe ƙuruciyarsa a kulle a wani sashen fada, yana ji yayansa Murad na huɗu na kashe 'yan uwansu ɗaya bayan ɗaya, kullum jira yake a zo kansa. Ranar da aka zo aka ce masa Murad ya mutu fito ka hau gado, ƙin buɗe ƙofa ya yi yace tarko ne, sai da aka nuna masa gawar. Mutumin da ya tashi a haka ai dole a samu matsala, ga firgita ga ciwon kai ga rashin natsuwa. Sai aka kawo masa wani ɗalibin makaranta ɗan garin Safranbolu mai suna Husaini, wanda ya iya tofi da addu'o'i, sarki ya ji sauƙi a hannunsa, shikenan kakarsa ta yanke saƙa. Aka yi masa laƙabi da Jinji Hoja, wato malam mai aljanu, aka ɗaga shi har ya zama babban alƙalin Anadolu, wato ɓangaren daular na Asiya, ba tare da karatunsa ya kai nan ba, ya shiga sayar da muƙamai ya tara dukiya ta fitar hankali, masaukin fatake da ya gina a garinsu yana nan har yau. A 1648 aka tuɓe Ibrahim aka kashe shi, aka kama malam mai aljanu aka ƙwace dukiyar, da ita aka biya sojoji kuɗin hawan sabon sarki, shi ma a shekarar aka kashe shi. Sarkin dai bai warke ba.

Tambaya: Malam ina wuni, daga Damagaram nake rubuto maka. Yayana ne ke fama da wannan lalura shekara shida kenan, wani lokaci ya dawo garau wani lokaci ya rikice, yana wurin innarmu. Yanzu baffanninmu na son su riƙe rabonsa na gadon mahaifinmu, dangin matarsa kuma na cewa a raba auren. Da naga ana ta yabon zamanin da sai nace bari in tambaya, su a lokacin ya suke yi da dukiya da auren irin wannan bawan Allah?

Amsa: Lafiya lau 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya, ya saka wa inna da alheri, ita ce asibitin gaskiya. Kuma ki sani yadda kuke ɗin nan haka mafi yawan mutanen Istanbul da Alƙahira da Halab suke a wancan zamanin, a gida ake jinya, hukuma ba ta shigowa sai in mutum ba shi da kowa ko ya zama haɗari har maƙwabta sun kai ƙara. Wurin da hukuma ta fi taɓa rayuwar mai taɓin hankali ba asibiti bane, zauren alƙali ne, kuma rajistocin kotunan Usmaniyya da suka rage suna ɗauke da irin shari'arku.

Tushen abin hadisin nan ne da kowa ya sani, an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya dawo hankalinsa. Don haka cinikinsa ba ya ƙulluwa, kyautarsa ba ta tabbata, sakin da ya yi cikin rikicewa ba saki bane, ba a yi masa haddi. Amma dukiyarsa tana nan tasa, ciwo ba ya cire mutum daga gado. Abin da alƙali yake yi shi ne ya hana shi taɓa ta da kansa, ya naɗa mai kula, ya yanka abin da za a riƙa fitarwa na ci da sutura da iyalinsa, kuma mai kulan nan amana aka ba shi, ana iya kiransa ya kawo lissafi, in ya ci a cire shi. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ita malamai suke kafawa, a ciyar da su daga dukiyar a tufatar da su a gaya musu magana mai daɗi. Malaman fiƙihu sun kuma raba hauka mai ɗorewa da mai zuwa yana tafiya irin na yayanki, shi wannan abin da ya yi lokacin da yake garau daidai yake da na kowa.

Aure ne aka samu saɓani. Turkawa 'yan Hanafiyya ne, kuma a ra'ayin Imam Abu Hanifa da Abu Yusuf haukan miji ba ya ba mace damar neman a raba, Muhammad Asshaibani almajirin Abu Hanifa ne ya ba ta. Mata sun daɗe cikin wannan ƙunci, sai da daular ke gab da faɗuwa aka sauya, a dokar iyali ta 1917 an rubuta cewa in miji ya haukace alƙali ya jira shekara guda, in bai warke ba ya raba. Mu kuwa a Malikiyya wannan tsohon zance ne, matar tana da zaɓi bayan an ba shi shekara ana magani. Ki lura fa, zaɓin nata ne, ba na danginta ba. Shawarata ku je gaban alƙali a rubuta komai a takarda da shaidu kafin baffanni su sa hannu, kuma a ci gaba da kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, irin mai zuwa yana tafiyar nan sau da yawa magani na riƙe shi sosai in ba a yanke sha ba.

Tambaya: Malam kullum Turkiyya ake ta faɗa, Iran da Indiya fa? Ba su da nasu ne? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Suna da shi Alhaji, littattafan ma iri ɗaya ne, sai dai su da Farisanci suka fi rubutu, kuma likita a wurinsu hakim ake ce masa, ba hakimin ƙasa irin namu ba. A Iran zamanin Safawiyya akwai darusshifa a hubbaren Imam Rida a Mashhad, a Indiya kuma Sarkin Golkonda Muhammad Ƙuli Ƙuɗub Shah ya gina ɗaya a Haidarabad a 1595, shi kuma Jahangir na Mughal da ya hau a 1605 cikin dokoki 12 da ya fara shelantawa akwai cewa a gina asibitoci a manyan birane a biya likitoci daga baitulmali.

Abin da ya fi jan hankalina a can shi ne shaye-shaye, don matsalar ta ci fadojinsu. Wani likita Imaduddin Mahmud Shirazi a ƙarni na 16 ya rubuta risala sukutum a kan afyun, yadda yake kama mutum da yadda ake yaye shi a hankali. Jahangir kuwa da alƙalaminsa ya tona kansa, yace ya kai yana shan kofi 20 na giya mai ƙarfi a rana, 14 da rana sauran da dare, hannunsa na rawa har sai an riƙe masa kofin. Ya kira Hakim Humam, shi kuma bai ɓoye masa ba yace in ka ci gaba a haka wata shida abin zai wuce magani. Ya dinga ragewa, cikin shekara bakwai ya dawo kofi shida, amma ya cike gurbin da afyun. Ƙannensa biyu Murad da Daniyal giya ce ta kashe su.

Akwai kuma majazubai, waɗanda jama'a ke cewa Allah ne ya fizge hankalinsu zuwa gare shi, ana barinsu su yi yawo a kasuwa ana neman addu'arsu, Sha'arani ya ba da labarin da yawa daga cikinsu a Alƙahira a ƙarni na 16. A Delhi an yi wani Sarmad mai yawo tsirara yana waƙoƙi, an ƙyale shi shekara da shekaru, amma da yake na kusa da yarima Dara Shikoh ne, da Aurangzeb ƙanen Dara ya ci sarautar Mughal ya kashe yayan nasa sai aka tuna cewa tsiraici laifi ne, aka yi masa shari'a aka sare kansa wajen 1661. Kabarinsa na nan kusa da babban masallacin Delhi.

Tambaya: Ɗana, ni dattijo ne a zangon Kumasi, jikana ne ya rubuta min. Ina waɗannan asibitoci suka tafi, kuma akwai abin da ya haɗa su da ƙasashenmu?

Amsa: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Yawancinsu talauci ne ya ci su. Asibitin waƙafi da kuɗin waƙafi yake numfashi, in yaƙi ya cinye garuruwan da ke kawo kuɗin ko darajar kuɗi ta faɗi ko masu kula suka yi sama da faɗi, sai likitoci su watse a bar masu gadi. A hankali masu sauran cututtuka suka koma sababbin asibitoci irin na Turai, tsofaffin gine-ginen suka zama ma'ajiyar mahaukata zalla, cunkoso ya yi yawa. Na Sultan Sulaiman haka ya koma, har aka ɗauko wani likita ɗan Italiya Luigi Mongeri a 1856, shi ne ya yi ta fama ya cire sarƙoƙin. A 1873 aka kwashe marasa lafiyan zuwa tsohon ginin Nurbanu a Uskudar wanda aka fi sani da Toptashi, aka yi dokar gidajen mahaukata a 1876, daga baya a shekarun 1920 likita Mazhar Osman ya mai da su Bakirkoy, inda babban asibitin ƙwaƙwalwa na Istanbul yake har yau.

Alaƙa da mu kuwa, akwai mutum ɗaya da ya haɗa mu a littafi guda. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, haifaffen Garnaɗa ne da ya tashi a Fas ta Maroko, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka kai wa Fafaroma, a Rum ya gama littafinsa na bayanin Afirka a 1526 aka buga a 1550. A cikinsa ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, kuma a cikinsa dai ya ba da labarin asibitin Fas, wanda ya san shi ciki da bai don yana saurayi ɗalibi ya yi shekara biyu yana aikin malanta a wurin. Yace asibitocin Fas da masu arziki ne, sai wani sarki ya shiga yaƙi ya rasa kuɗi ya sayar da kadarorin waƙafinsu, ba a kuma mayar ba. A zamaninsa mara lafiya na samun abinci da masu yi masa hidima amma ba likita ba magani. Mahaukatan na cikin ɗakuna masu katangar katako, da sarƙa, mai kawo musu abinci da bulala a hannu yake shiga. Yace sukan kira baƙo mai wucewa su yi masa magana tiryan-tiryan, su ce sun warke amma an ƙi sakinsu, kullum ana zaluntarsu, in baƙon ya tausaya ya matso sai su cafke rigarsa da hannu ɗaya su shafa masa ƙazanta da ɗayan, shi yasa ma'aikatan wurin suke gargaɗin duk wanda ya shigo da ya tsaya daga nesa.